Digirin Tafiyar da Harkokin Gwamnati na Ƙarshen Mako: Bita Daga Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma a Ƙasar Daura

Abokan aiki da dama suna tambayata ko karatun digiri na ƙarshen mako a fannin tafiyar da harkokin gwamnati da raya al'umma ya cancanci kuɗi da wahalar da ake zubawa a kansa, ganin cewa ina dab da kammala shi alhali ina ci gaba da aikina a sashen ilimi da walwalar jama'a na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Daura. Amsata a taƙaice ita ce ya cancanta, musamman ga wanda yake hulɗa da fayil da kuɗin gwamnati a kullum. Sai dai ɓangaren da ya shafi hidimar al'umma, wanda shi ne ya ja ni zuwa shirin tun farko, shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a kansa zan fi tsayawa. Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin akwai ƙorafe-ƙorafe a cikin abin da zan faɗa, kuma hirar da nake yi da masu irin wannan karatu a wasu wurare ta nuna mini cewa ba ita kaɗai ke fama da su ba.

Ya kamata mai karatu ya san ma'aunin da nake auna shirin da shi. Horar da mutum domin aikin hukuma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. A Katsina aka fara tsarin baitulmalin En'e a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kafin tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. A nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin a mayar da ita Kaduna, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A Zariyar ne kuma aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947, wadda ta girma ta zama Cibiyar Koyon Harkokin Mulki ta Kongo, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962. Duk wanda ya tarar da tsofaffin sakatarori da ma'ajin ƙananan hukumomi da suka fito daga Kongo ya san yadda suke rubuta minit a fayil, da yadda suke ƙin sa hannu a takardar da ba ta cika ƙa'ida ba ko da wane ne ya aiko ta. An horar da su ne domin wani aiki sananne a wani wuri sananne. Yau Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da jami'o'in kanta: Al-Qalam tun 2005, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tun 2011, ga kuma Jami'ar Sufuri a nan Daura. Ƙofofin karatu sun yawaita, kuma abin godiya ne. Tambayar ita ce ko wanda ya fito daga shiri irin namu ya fi iya yi wa mutanen mazaɓarsa aiki fiye da yadda ya shiga.

Sha'anin shiga bai ba ni wahala ba. Ana buƙatar kiredit biyar na WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma mai difloma ko takardar NCE yana iya farawa daga aji na biyu. Ana biyan kuɗin makaranta ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, wanda hakan ya rufe ƙofar a karɓi kuɗi a hannu, ko da yake shafin rajistar kwasa-kwasai yakan tsaya cik a makon ƙarshe, lokacin da kowa ya yi caa a kansa. Kuɗin ya fi na ɗaliban cikakken lokaci, shekarun ma sun ɗara nasu. Abin da takardar talla ba ta faɗa ba shi ne cewa kuɗin makarantar ba shi ne mafi nauyi ba. Kuɗin mota kowane mako, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, da na kwana ga wanda ba shi da ɗan'uwa a gari, da na hotokofi, da na buga aikin gida a kafe, su ne suke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci a hankali, kuma na ga waɗanda suka ajiye karatun saboda su.

Ana fara lakca ne bayan sallar Juma'a, a ci gaba ranar Asabar tun da safe, wani lokaci har Lahadi. Ajin namu cike yake da mutanen da suka riga suka san aiki: ma'aikatan kuɗi na ƙananan hukumomi, malaman firamare, jami'an kiwon lafiya a matakin farko, 'yan sanda, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, har da wani dattijo da ke aiki a ofishin hakimi. A ganina wannan haɗuwa ita ce babbar dukiyar shirin, domin sau da yawa bayanin da abokin zama zai yi maka a gindin bishiya kafin malami ya iso ya fi abin da ke cikin handawut amfani.

Inda shirin ya fi ƙarfi shi ne dokoki da sha'anin kuɗi, kuma a nan ba ni da abin cewa sai yabo. Na shafe shekaru ina aiki a ƙaramar hukuma, amma sai a wannan aji aka zaunar da mu aka bi da mu sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi, da Jadawali na Huɗu, wanda ya zayyana ayyukansu ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, magudanan ruwa, kwashe shara, sanya wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Aka bi da mu sashe na 162, inda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya samo asali, sannan aka kawo mu kan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Muhawarar da aka yi a ranar ta kai mu har magariba, domin a cikinmu akwai waɗanda suke ganin 'yancin kuɗi zai farfaɗo da ƙananan hukumomi, akwai kuma ma'aikatan kuɗi da suke tsoron a koma zamanin da malaman firamare suke yin watanni babu albashi. Malamin bai ɗauki ɓangare ba, amma ya tilasta wa kowa ya kafa hujja da doka ko da lissafi.

Malamin kasafin kuɗi kuwa, ranar farko ya shigo da kundin kasafin wata ƙaramar hukuma na shekarar da ta wuce, wanda aka goge sunanta, ya yayyaga shi kashi-kashi ya raba mana. Ya ce kowane rukuni ya ware kuɗin yau da kullum, wato albashi da kuɗin tafiyar da ofis, daga kuɗin manyan ayyuka, sannan ya nemo abin da hukumar ta yi hasashen za ta tara da kanta daga kasuwa da tasha da lasisi, ya kwatanta shi da abin da take jira daga asusun tarayya. Da muka jera alƙaluman a allo, sai ajin ya yi tsit, domin kowa ya ga da idonsa cewa albashi ya kwashe kaso mafi tsoka tun kafin a zo maganar rijiya ko aji ko asibiti, kuma harajin cikin gida bai taka kara ya karya ba. Daga nan ya ɗauko layi guda, na gyaran rijiyoyin burtsatse, ya tambaye mu hanyar da kuɗin zai bi daga wannan layi har ya isa hannun makaniki: wane ne zai rubuta buƙata, wane ne zai amince, wane ne zai shirya bauca, ina odita na cikin gida zai sa hannu, kuma wace takarda za ta shaida an yi aikin. Tun daga ranar na daina kallon kasafin kuɗi a matsayin kundin da ake ajiyewa a ofishin ma'aji. Haka aka koya mana Dokar Bayar da Kwangila ta 2007 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, kuma an sa kowannenmu ya rubuta irin wannan wasiƙar buƙata da hannunsa. Da a ce duk kwasa-kwasan haka suke, da wannan bita ta tsaya a nan.

Kwasa-kwasan nazariyya ba su kai haka ba. Babu laifi ɗalibi ya san cewa maƙalar Woodrow Wilson ta 1887 ce ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni a Amurka, ko ya san siffofin aikin ofis da Max Weber ya zayyana a Jamus, domin tsarin fayil da matakan albashi da muke aiki da su daga can suka samo tushe. Laifin shi ne a haddace su domin jarrabawa a kuma maimaita su a kwas uku daban-daban, alhali sarautar gargajiya, wadda ita ce hukumar da talaka yake fara kai kukansa gare ta, ba ta samu fiye da lakca ɗaya ba, ita ma a ƙarƙashin tarihin mulkin Turawa, kamar abin da ya shuɗe. Gaskiya ne gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon zartarwa daga hannun sarakuna ya bar musu ba da shawara. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa fita aikin rigakafi, ko rabon taki, ko rajistar yara a makaranta, ya san cewa idan bai bi ta wurin hakimi da magaji da mai unguwa ba, zai wuni a bakin masallaci babu wanda ya kula shi. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan dama ce babba. A jihar da ke da masarautu biyu masu dogon tarihi, da iyaka da Jamhuriyar Nijar, da matsalar tsaro a ƙananan hukumomin kudu da yamma, da rikicin manoma da makiyaya a kan burtali, da zaizayar ƙasa da gurgusowar hamada a arewa, ban ga dalilin da zai sa a rasa abin da za a zuba a wannan kashi 30 ba.

Kwas ɗin raya al'umma shi ne na fi ɗoki, kuma zangon farko nasa ya ƙare gaba ɗaya a cikin aji, ana lissafa mana ma'anoni da nau'o'in shigar da jama'a cikin aiki. Sai a zango na biyu wata malama, da ƙoƙarin kanta, ta raba mu rukuni-rukuni ta ce kowane rukuni ya je ƙauye ya binciko dalilin da ya sa wani aikin gwamnati ya mutu. Rukuninmu ya zaɓi wani famfon tuƙa-tuƙa da ya daɗe a lalace a wani ƙauye da ke arewacin Daura. Mun tafi da takardar tambayoyi da aka tsara da Turanci, mai gurabe biyar na amincewa da rashin amincewa, muka fara da gaishe da mai unguwa a zaurensa. Ya saurari bayaninmu har ƙarshe, sannan ya ce, "'Ya'yana, kafin ku wasu sun zo da irin wannan takarda, mun amsa, kuma ga famfon nan yadda suka bar shi." Shugaban rukuninmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne, ba mu zo da alkawarin gyara ba, so muke mu fahimci abin da ya kashe shi." Wannan gaskiyar da aka faɗa masa ce ta sa ya saki jiki ya aika a kira mana mutane.

Magidantan da suka taru duk bakinsu ɗaya, cewa gwamnati ce ta haƙa ta kuma yi watsi da shi. Mu maza a zaure muka tsaya, domin ba a shiga, amma mata biyu da ke cikin rukuninmu suka shiga gidaje, suka ajiye takardar suka zauna hira, kuma su ne suka fito da ainihin labarin. Abin da ya lalace robar cikin famfon ce da sanda guda, kayan da ba su fi ƙarfin ƙauyen ba. An taɓa yin karo-karo sau ɗaya, kuɗin ya shiga hannun wani ba tare da an rubuta ko sisi ba, gyaran bai yi ƙarko ba, daga nan kowa ya ɗauke hannunsa. Lokacin da aka haƙa famfon ba a kafa kwamitin kula da shi ba, ba a koya wa kowa a ƙauyen kwance shi ba, ba a kuma tambayi matan da 'ya'yansu suke ɗibar ruwan inda ya fi dacewa a haƙa shi ba. Yara mata su ne suke tafiya rijiya mai nisa da safe, shi ya sa suke makara a makaranta, wasu ma ba sa zuwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da zai shiga gurabe biyar na takardarmu.

Na koyi abin da ya fi na zango guda a wannan fita, shi ya sa abin da ya biyo baya ya dame ni ƙwarai. Mun rubuta rahoto, an ba mu maki, rahoton ya shiga kabad. Ba a tanadi komawa ƙauyen a gaya wa mutane abin da aka gano ba, ba a aika kwafe ga sashen ayyuka na ƙaramar hukumar ba, kuma sashen jami'ar bai ba da mota ko wasiƙar gabatarwa ba, balle ya sa fitar a cikin jadawalinsa na dindindin. Mu da kanmu muka koma daga baya muka zauna da mai unguwa da limami da wakilan mata aka kafa kwamiti mai ma'aji da littafin shiga da fita, amma wannan ba ya cikin abin da ake ba maki a kansa. Idan malamar ta bar sashen gobe, fitar ta tafi tare da ita. Shirin da yake ɗauke da sunan hidimar al'umma bai kamata ya bar wannan ga himmar mutum ɗaya ba, kuma bai kamata ya mayar da ƙauyukanmu wurin ɗibar bayanai kawai ba, domin gajiyar da na ji a muryar mai unguwar nan gajiya ce da muke ƙara wa mutane duk lokacin da muka tambaye su muka tafi.

Akwai dalili na biyu da ya sa wannan giɓi ya fi yi wa ɗaliban ƙarshen mako illa. Wanda ya yi karatun cikakken lokaci yana tafiya bautar ƙasa, tsarin da aka kafa a 1973, inda ake ware masa rana guda a mako domin aikin raya al'umma. Mu kuwa takardar keɓewa ake ba mu, ba ma zuwa. Saboda haka duk horon aiki da jama'a da za mu samu, a cikin shirin ne za mu same shi. Kuma wuraren yin horon suna nan birjik: kwamitocin raya mazaɓa da ke kula da asibitocin matakin farko, kwamitocin kula da makarantu da iyaye suke ciki, ƙungiyoyin manoma da na matasa masu aikin gayya, ga kuma mazaɓu 361 da ke cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar. Da sashen zai ɗaura kowane rukunin ɗalibai da mazaɓa guda tun daga aji na biyu har zuwa kammalawa, su riƙa halartar zaman kwamitinta, su rubuta furojet ɗinsu a kan matsalarta, su kuma gabatar da sakamakon da Hausa a gaban mutanen da abin ya shafa, da an sami ma'aikatan da suka iya tsayawa gaban taro su bayyana kasafin kuɗi ga wanda bai yi boko ba. A yanzu ana koya mana komai da Turanci, a yi mana jarrabawa da Turanci, sannan a sake mu cikin jama'ar da za mu yi wa aiki da Hausa, ba tare da an taɓa gwada mu a kan hakan ko sau ɗaya ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sanannu ne. Laburare yana rufewa da wuri ranar Asabar, ba ya buɗewa ranar Lahadi, wato daidai lokacin da muke harabar makaranta. Wasu handawut ɗin sun tsufa har suna magana a kan dokokin da aka riga aka sauya. Sakamakon jarrabawa yakan yi jinkiri, har mutum ya shiga sabon zango bai san ko akwai kwas da zai maimaita ba. Akwai malaman da suke tara lakcocin wata guda su zuba su a wuni ɗaya, ga mutanen da suka taso tun asuba daga Daura ko Mai'aduwa ko Ɓaure, kuma babu kan da zai ɗauki wannan. Game da furojet kuwa, ina gargaɗin duk mai shigowa da ya nisanci shagunan da suke sayar da rubutaccen aiki a sauya suna da wuri kawai, domin wanda ya fara aikin hukuma da takardar da ba shi ya rubuta ba ya riga ya koyi abin da shirin ya zo ya hana. A gefe guda, ban taɓa cin karo da malamin da ya nemi kuɗi domin maki ba, kuma mai duba furojet ɗina yana karanta kowane shafi ya mayar mini da shi cike da jan biro, yana kuma ɗaukar waya ko da a ranar aiki ce.

Wanda zai fi cin moriyar shirin shi ne ma'aikacin da yake da difloma ko NCE, wanda rashin digiri ya tsayar da ƙarin girmansa, da kuma ma'aikacin ƙungiyar agaji ko mai sha'awar takarar kansila da yake son ya san yadda kuɗin gwamnati yake tafiya. Matashin da ya gama sakandare yanzu, wanda ba shi da aiki ko iyali, gara ya nemi karatun cikakken lokaci ta JAMB, domin zai sami laburare da lokacin malamai da bautar ƙasa. Kafin kowa ya biya ko kwabo, ya tabbatar cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da shirin na ƙarshen mako shi kansa, domin amincewa da na cikakken lokaci ba ta wadatar ba, ya kuma tabbatar an shigar da sunansa a rajistar JAMB. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma ya rubuta neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugaban sashensa zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, ya karɓi amsar a rubuce ya sa kwafe a fayil ɗinsa tun kafin ya fara, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wahala kafin a yi la'akari da ita wajen ƙarin girma ko sauya layin aiki. Sannan ya je sashen da ƙafarsa ya tambayi shugabansa ko aikin fita cikin al'umma yana cikin jadawali, zango nawa ake yin sa, kuma maki nawa yake ɗauke da shi.